Yau Zubawa Muka Yi

Asabar da dare, watan Mayu, Greensboro, Amurka

Bayana ciwo yake yi, amma bari in rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau na bi 'yan ƙungiyarmu ta masu kamun kifi zuwa kogi, muka saki 'ya'yan walai, kifin nan mai farin ido da ya yi ƙaranci. Kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Da aka miƙo mini bokiti sai na ji bakina ya yi bisimilla, yadda marigayi Baba yake yi in zai saka taru. Ban taɓa yin bisimilla don in ba ruwa kifi ba.

Da zan dawo na biya McLeansville wajen Alhaji Isufu, aminin Baba, tunda mu masunta ba ma dawowa daga kogi mu wuce gidan babba ba mu ajiye masa kifi ba. Ashe matarsa Hajiya har ta jajjaga kayan miya. Ni kuwa na shiga hannu rabbana.

"Ina na miya?" in ji Alhaji.

Na ce, "Alhaji, yau zubawa muka yi."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗan masunci guda, ka yini kana yi wa kogi sadakar kifi?"

Can kuma ya ce rabon da a kama giwan ruwa a gulbin ƙauyenmu, tun yana saurayi.

Miyar kuka muka sha. Da zan tafi ya dafa ƙofar mota ya ce, "In za ku sake, ka biyo ta nan. Bokiti ɗaya dai ba zai gagare ni ba."