Batirina Zai Farka Ranar Aurena

Malama Chizuru, ki taimake ni, na rasa tudun dafawa.

Aikina gwajin baturan litiyam ne, waɗanda za a sa wa 'yar motar da za ta yi yawo a duniyar wata. Daren can mako biyu ne, sanyinsa kashe batir yake. Don haka muna kulle su a akwatin sanyi mako biyu, mu ɗumama su, mu ga wanda zai farka. Shekara uku ina wannan. Duk sun mutu sai guda, in ya farka wannan karon irinsa za a tura.

To, mahaifiyar Tsuneo, wanda zan aura, ta buɗe kalandar gargajiya ta tsayar mana da ranar sa'a, har an raba kati. Ranar ce batirin zai farka. Na roƙi a ɗaga, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ɗaga aure saboda abin tocila ba. Na je wa shugabanmu Kuwabara ko zai matsar da gwajin, ya ja iska ta haƙora ya ce abin da ɗan wuya. Kin san me ke nan: a'a ce. Tsuneo kuwa ya ce duk abin da na zaɓa daidai ne, ya ci gaba da zuƙar taliyarsa.

Tsoro nake ji, Malama. Bai taɓa farkawa ba sai ina wurin. Har hira nake masa.

Mai Gadin Sanyi, Tsukuba

'Yata, batun tocila bai yi daɗi ba, amma kati ya fita, in aka fasa surukarki ce za ta bi dangi tana sunkuyawa tana ba da haƙuri. Ke ma shekara uku ba kwana uku ba ce, ban raina tsoronki ba. Wanda na ga laifinsa Tsuneo ne. Ki sa shi ya ajiye tsinken cin taliyar nan ya faɗi ra'ayinsa tun kafin a ɗaura.

Ki zaɓi wanda kika yarda da hannunsa a wurin aikin, ki nuna masa komai. Ranar biki ki ba wata ƙawarki wayarki, kada ta miƙo sai baƙi sun watse.

Ki je aurenki. Inda za a kai batirin nan ba mai tsaya masa. In sai kina kansa yake farkawa, gara a sani tun yana Tsukuba.

Fatan alheri gare ku duka, har da na cikin akwatin.