Tsallen Rufe Waƙa

Litinin, 3 ga Maris, 2014

Lawali ya iso Alƙahira! Aikin yanar ido ya kawo shi. Shekara talatin da ɗaya rabona da shi. Na je tarbarsa ina neman siririn makaɗin nan mai suma kamar kwando, sai ga wani dattijo da tumbi da carbi yana ƙwala mini kira. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Jibrin, wa ya cinye maka gashi?" Muka rungume juna muna dariya har mai tasi ya gaji da danna hon.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai shi gidan Isam a Hayyin Ashir. Mun cika ke nan, ƙungiyar Tartsatsi ta Sabon Garin Kano, 1974: ni a jita da waƙa, Isam a jitar bas, Lawali a ganguna. Kiɗan rok zalla, irin wanda ya sa mahaifina ya yi wata shida bai amsa gaisuwata ba. Isam neman dangin kakansa ya zo yi Kano daga Sudan, ya gamu da mu, ya manta da dangin.

Wijdan, autar Isam, tana zuba mana shayi ta ji muna ta cika baki. Ta ce, "Ammu Jibrin, tunda haka ne, ku yi mini waƙa ɗaya a walimar aurena, ranar ashirin da takwas." Na ce tamam, an gama, kafin sauran su buɗe baki. Sai a hanya na tuna rabona da jita tun kafin in bar aikin rediyo.

Lahadi, 9 ga Maris

Na sauko da ita daga kan kabad. Matata Azumi ta ce ta ɗauka na daɗe da kyautar da ita. Yatsuna duk sun yi bororo, amma daɗi nake ji kamar in yi ihu.

Talata, 11 ga Maris

An yi wa Lawali aiki lafiya. Da aka cire bandeji ya dube ni ya ce ashe tsufana ya wuce yadda ya zata.

Talata, 18 ga Maris

Gwajin farko, a rufin benen dangin ango a unguwar Faisal, tsakanin igiyoyin shanya da kejin tattabaru. Wallahi hannu ba ya mantuwa! Baiti na biyu kawai muka kai na ji gashin jikina ya tashi.

Sai matsala. Mu a Tartsatsi ba mu taɓa tsara ƙarshen waƙa ba. Idan na ga ta isa, sai in daka tsalle da jitar, ina dira Lawali ya sauke sanda, ɗif. Haka muka yi shekara tara, ba mu san wata hanya ba. Yau da muka zo wurin na dubi siminti, na ji gwiwoyina, na ce bari a ƙara zagaye ɗaya. Aka ƙara. Aka sake ƙarawa. Isam yana zare mini ido, gumi ya jiƙe masa jallabiya, Lawali kuwa yana ta duka. Minti goma sha tara muka yi. Ɗauke wuta ne ya cece mu.

Isam ya zube a kujera yana haki: "Ya zol, bawan Allah, kashe mu za ka yi? Ka gyaɗa kai kawai, khalas." Na ce gyaɗa kai na masu goge ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Na gwada tsallen a ɗaki, ƙofa a kulle. Sau uku. A na uku maƙwabcin ƙasa ya bugo silin da sandar tsintsiya, gwiwar hagu kuma ta kumbura kamar gwanda. Azumi tana gasa mini da ruwan zafi ta ce, "Malam, shekara sittin da shida. In ka karye a bikin mutane, ni dai ban san ka ba." Amma na ga tana danne dariya.

Asabar, 22 ga Maris

Likita ya ce ko matakalar bene in riƙa hawa a hankali. Ban gaya wa kowa ba.

Gaskiyar da ba zan faɗa wa su Isam ba: tsoro nake ji. Muryata ta dushe, na haƙura. Gashi ya tafi, na haƙura. Tsallen nan ne kaɗai ya rage mini, shi ma don ban gwada shi a dandali ba ne nake ganin yana nan. Idan na kasa a gaban mutane, shi ke nan.

Juma'a, 28 ga Maris

Bayan la'asar, rufi cike. Matan Sudan da lalle har gwiwar hannu, 'yan ƙasarmu masu karatu da manyan riguna suna satar kaɗa ƙafa. Mun tashi waƙar, Wijdan ta miƙe da kayan amarcinta, tsofaffi ma suka biyo. Azumi da ta ce ba ta san ni ba ita ce ta fara guɗa.

Da muka zo ƙarshe na ce a raina, ko a karye. Na ja numfashi, na ɗaga jita, na yunƙura da dukan ƙarfina. Gwiwoyin suka ƙi. Dugadugaina kawai suka ɗaga, ƙafata ba ta bar ƙasa ba.

Ɗif! Sandar Lawali ta sauka daidai inda take sauka a da, Isam tare da shi. Wurin ya kaure da tafi. Wijdan ta rugo tana hawaye tana cewa, "Ammu, ashe da gaske kuke!" Na yi murna ƙwarai, amma raina ya ɗan sosu. Na san tausayina Lawali ya ji.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Gobe Lawali zai koma gida. Mun je Faisal kwaso kaya, na tsare shi a matakala na ce ban gode da rufin asirin ba. Ya ce wane rufin asiri? Na ce ai ya ga ban tashi ba.

Ya ce, "Kai, ni ban taɓa ganin tsallenka ba. Ina bayan ganguna, ina zan hango ƙafarka? Tun 1974 kafaɗarka nika kallo. In ta ɗaga, na san ka yi niyya, sai in ƙirga biyu in sauke. Ran gwaji ba ta ɗaga ba, ran biki ta ɗaga." Ya wuce abinsa yana neman takalminsa.

Shekara tara ina wahalar da ƙafafuna a banza! Na yi dariya har na riƙe bango, sannan na tarar idona ya kawo ruwa.

A jirgin ƙasa na metro wani mutum, shi ma da furfurarsa, ya tashi ya ba ni kujera. Na zauna har tashar Ainu Shams. Jitar ce ke da nauyi, ba wani abu ba.