'Yata na jiran albarkata, ni kuwa injin gashi nake tsoro

Hajiya Fulera, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin kwana goma sha tara suka rage mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na bar lakwal, wato makaranta. Ban ba kowa ya rubuta mini ba saboda abin da ke cikin takardar nan ko 'ya'yana ba su san shi ba.

Ni mai koko da ƙosai ce a Didawure, cikin Sokode. Maigidana mahauci ne a babbar kasuwa, ya rasu wata goma sha huɗu ke nan, Allah Ya jiƙansa. 'Ya'yanmu uku, ta tsakiyar mace ce. Zan kira ta Hanifa, ko da yake ba shi ne sunanta ba. Likita ce, shekara uku tana aiki a Dapaong, kuma bara ta yi aure da wani malamin makaranta, yaron kirki mai kunya.

Bari in fara da na daɗin, don yana da yawa. Ranar Juma'ar da ta wuce waccan, da safe ina tuya, sai ga wayar Hanifa. Tana kuka tana dariya, da ƙyar na gane maganarta. Ashe ta ci konkur, jarrabawar da likitoci ke yi don ƙarin karatu, an zaɓe ta za ta tafi Maroko shekara huɗu ta zama babbar likitar sankara. Hajiya, ƙosai ya ƙone a kasko ban sani ba. Na miƙe na ce yau koko kyauta ne, kowa ya kawo kwanonsa. Maƙwabciyata Memounatou ta dinga rangaɗa guɗa har tsofaffin da ke zaune ƙofar masallaci suka aiko a tambaya wace ce ta haihu. Kafin azahar mahautan kasuwa, abokan marigayi, sun aiko da cinyar rago. Malam Inusa, wanda teburinsa ke kusa da na maigida shekara talatin, shi ya kawo da kansa. Ya zauna yana ba matan unguwa labari wai yarinyar da ke gudu ta ɓuya bayan ubanta in an yanka kaza, yau ita ce za ta yi faɗa da sankara. Na yi dariya har da hawaye. Rabona da irin wannan dariya tun kafin rasuwar. Yanzu duk unguwa Maman Dokta ake kirana, da Hausa, da Tem, har masu gaishe ni da Faransanci, ni kuwa ba na ɓoye miki, daɗi nake ji.

Sai washegari da muka sake waya na tambaye ta wane irin karatu ne. Ta ce na gashi ne, wato maganin sankara da hasken inji, irin wanda aka yi wa babanta. Ta ce mijinta ya yarda, amma ita ba za ta sa hannu a takardar ba sai na sa mata albarka, kuma ƙarshen wata za a rufe. Na ce ta bari in yi tunani. Ta ɗauka kewa ce ke damuna, har tana lallashina wai za ta riƙa kirana kullum. Ba kewa ba ce. Na san injin nan, na gan shi da idona.

Sankarar maƙogwaro ce ta kama maigida. Muka tafi Kumasi muka sauka a zango wurin ƙaninsa, mako bakwai ana yi masa gashi. Shi dai bai bar barkwancinsa ba, yana cewa shekara talatin yana gasa naman mutane, yau layi ya zo kansa. Ran farko aka bar ni na raka shi har ciki. Suka kwantar da shi, suka rufa masa wani abu kamar raga a fuska, suka daidaita shi da zanen tawada da suka yi masa. Daga nan sai kowa ya fita. Likita ya fita, masu taimaka masa suka fita, aka fitar da ni, aka rufe wata ƙofa mai kaurin da ban taɓa ganin irinsa ba. An yi bayani, amma da Turanci, kuma ga ƙanin maigida aka yi, ni ina gefe da ledar magani. Na ce a raina, abin da likita da kansa ke gudu, ai ba ƙaramin dafi ba ne. Da makonni suka tafi, fatar wuyansa ta yi baƙi ta saɓule kamar ƙuna, sai na ƙara tabbatarwa. Na ce wannan haske ya shiga jikinsa ya zauna, duk wanda ya raɓe shi zai ɗiba.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun aurenmu kwano ɗaya muke ci ni da shi. Mutanen gida sun yi ta yi mana tsiya a kai, bai taɓa kulawa ba. Da muka dawo Sokode na ware masa kwanonsa da cokalinsa da moɗarsa, na ce saboda abincinsa mai ruwa-ruwa ne. Kayansa ma daban nake wankewa. Kullum sai ya rage mini kunu a gindin kwano ya turo gabana kamar yadda ya saba, ni kuwa in ɗauka in zaga baya in zubar. In Hanifa ta zo daga Dapaong nakan san yadda na yi kada ta lura.

Sannan ga jikarmu Amira, 'yar babban ɗana, watanta uku lokacin. Na hana uwarta ɗora masa ita a cinya, na ce tari ne nake gudar mata. Ran nan na dawo daga niƙa da wuri, na same shi a ƙarƙashin mangwaro da yarinyar a ƙirjinsa, ta kama gemunsa, yana yi mata waƙa da 'yar muryar da ta rage masa. Ashe kullum na fita sai ya aika a kawo masa matarsa, haka yake kiranta. Ya dube ni yana murmushi kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ban iya karɓe ta ba. Amma tun daga ranar nake sa mata ido. Sai da ta yi wata goma sha shida kafin ta taka, gashin kanta kuma ba shi da yawa. Yanzu gudu take ba a kamo ta, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

To Hajiya, wannan injin ne 'yata za ta tsaya kusa da shi kullum, ita da ko ɓari ba ta taɓa yi ba tukuna. In ya ƙone mata mahaifa fa? In na tambaye ta na san za ta ce babu kome don hankalina ya kwanta, kuma dole in faɗi abin da na yi wa ubanta. Ta wani gefen kuma na san dalilinta. Ta sha ba ni labarin mata daga Naki-Est da ƙauyukan can da ke zuwa wurinta da ciwon nono, in ta faɗa musu nisan inda za su je sai su ɗaure kayansu su koma gida. Ubanta ma gashin ya ba shi wata biyar yana haɗiyar abinci yana zama cikin mutane, ban manta ba. Da yana nan da tuni ya yanka sa don murna.

In sa mata albarka, ko in riƙe 'yata? Abin da kika ce shi zan yi.

Mai koko, Sokode


Maman Dokta, wa alaikumus salam.

Barka, barka! Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya abin da ya bari. Da ina Didawure ranar nan da na kawo kwanona.

Ban amsa miki da ka ba. Na kai takardarki wurin wata likita da ta daɗe tana aikin gashi, uwar 'ya'ya uku, duk ta haife su tana cikin aikin. Ga abin da na samo.

Hasken da aka yi wa maigidanki ba ya zama a jiki. Yana aiki ne lokacin da injin ke kunne, da an kashe shi ke nan. Wanda ya wuni a rana fatarsa kan yi baƙi, amma ba ya shigo da rana ɗaki ya ƙona na kusa da shi. Haka wuyan maigida. Akwai wasu magungunan dabam, na sha ko na dasawa a jiki, da likita kan ce a ɗan nisanci yara na wasu kwanaki, amma wanda kika kwatanta ba ya cikinsu. Saboda haka Amira ba ta ɗebi kome a ƙirjin kakanta ba. Yara da yawa sukan kai wata goma sha shida ba su taka ba, ga ta kuma tana gudu. In gashin kanta na damunki, a nuna ta a awo. Ki gode wa Allah da mijinki ya fi ki wayo ya riƙa satar jikarsa.

Maganar kwano kuwa ba zan yi miki daɗin baki ba. Ba a bukatar raba shi. Na san wannan zai yi miki zafi, ki yi kukanki. Amma ki dubi abin da kyau. An yi bayani da harshen da ba kya ji, ga wanda ba shi zai yi jinya ba. Kika ga ƙofa, kika yi aiki da abin da idonki ya nuna miki don ki kare gidanki, kuma ba ki fasa dafa masa da wanke masa ba ko rana ɗaya, alhali kina zaton akwai haɗari a kanki. Ban san abin da ya fahimta ba, ke ma ba ki sani ba. Abin da muka sani, mai riƙo a zuci ba ya ci gaba da turo ragowar kununsa.

Ƙofar nan da ta tsorata ki, ita ce kariyar Hanifa. Majinyaci ana auna masa hasken daidai ciwonsa na 'yan makonni. Ma'aikata kuwa mutane da yawa ke wucewa ta hannunsu kullum, shekara da shekaru, shi ya sa aka yi musu katanga mai kauri, suna kallo ta allo suna magana da majinyaci daga waje. Yawancin aikin likitan ma a tebur yake, duba hoto da tsara inda hasken zai bi da yawansa. Kowane ma'aikaci yana maƙale da 'yar na'ura a riga mai auna abin da ya taɓa shi, ana dubawa a kai a kai, kuma mace in ta sami ciki takan faɗa a gyara mata aiki. Wannan duk yana cikin abin da za a koya mata.

Tsoronki ba wauta ba ne, hasken yana da ƙarfi, shi ya sa ake shekara huɗu ana koyonsa. Kuma shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne ga sabon aure. Ba zan yi miki alkawarin jika ba, wannan na Allah ne. Yadda za su tsara ziyara da haihuwa, ki bar wa Hanifa da mijinta. In kin riƙe ta, za ta zauna don tana jin maganarki, amma kullum ta sallami mace ta koma ƙauye da ciwonta, za ta tuna wanda ya hana ta.

Shawarata, kada ki yi wannan ta waya. Ki ɗaga kasko kwana biyu, ki hau mota zuwa Dapaong cikin makon nan. Ki zaunar da ita ku biyu, ki faɗa mata duka, har kwanon. Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta ji haushin ba ki tambaye ta ba tun lokacin. Ki bar ta. Likitar da ta ji wannan daga bakin uwarta ba za ta taɓa rufe ƙofar nan ta bar matar majinyaci tsaye ba bayani ba. Ki yi mata duk tambayoyinki, har na mahaifa, ai likitarki ce. In kin gamsu, ki dafa kanta ki sa mata albarka da babbar murya, mijinta yana ji, ki tsaya har ki ga ta sa hannu.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya kai ta lafiya, Ya dawo mana da ita da ilimi mai amfani, Ya sa hannunta ya zama waraka ga matan arewa.

Hajiya Fulera