Damin Irin da Na Ba Ku Aro

Zuwa ga Malam Wakilin Ɗakin Nunin Amfanin Gona da Sana'o'i, Birnin Zariya.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da masu yi maka aiki. Ni ne Ibrahim na gidan Barmo, manomi a Bilbis ta ƙasar Tsafe. Na sa an karanta wannan takarda a kasuwarmu kafin in ba fatake su kawo maka, don mutanen da maganar ta shafa su san ban yi shiru ba.

Na farko, yadda abin ya faru. Bayan kaka da kamar wata ɗaya, manzonka ya iso tare da jakadan hakimi. Ya ce ana tara abin da kowace ƙasa ke alfahari da shi don a nuna wa jama'a a birni, kwana bakwai kacal, a maido. Dattawan gari suka ce a je gidan Barmo. Muna da wata dawa da kakana ya bar mana, ana ce mata 'yar Barmo. Tana nuna tun sauran dawa ba ta fid da kai ba, kuma a shekarar yunwar nan ita ta riƙe gidanmu da maƙwabta. Da yake ita ke fara nuna, ita muke fara ci, ba ta kai wa rumbu. Abin da ke saura shi ne damin iri, zangarniya sittin zaɓaɓɓu, rataye a saman murhu suna shan hayaƙi. Shi na sauke na bayar, duka. A wurinmu in manya suka aiko, ba ka tsinto na baya-baya ka miƙa. Yayata Hure, wadda mijinta ya rasu take zaune a gidana, ta ce in rage ko goma. Na ce mata kwana bakwai ne. Har yau in muka haɗa ido sai ta tambaye ni ko bakwai ɗin sun cika.

Na biyu, abin da na gani. Da wata uku suka wuce shiru, na ɗaura wa jaki akumari, kwana shida na iso Zariya. Na zo da fushina, ba zan ɓoye ba, amma tun a ƙofa ya fara sanyi. Ranka ya daɗe, ka yi aiki. Wani malaminka mai fara'a ya riƙa zagayawa da mu ɗaki-ɗaki yana bayani, bai ƙosa da tambayar ƙauyawa ba, ni kuwa na yi masa ta fi ashirin. Na ga saƙin da sai ka shafa za ka yarda zare ne. Na ga sirdi da jakunkunan dukawa, da ƙoran da aka yi wa zane kamar kada a zuba musu fura. A fili na tarar da shanu biyu suna jan garmar ƙarfe, na bi su kunya huɗu baki buɗe har aka yi mini dariya. Da la'asar wani dattijo ya zauna gindin rimi ya yi wa manoma jawabi kan irin auduga, na ƙaru da abu biyu da zan gwada bana. Akwai kuma akwatin nan mai waƙa da kansa. Wannan kam na tsaya nesa, ban san abin da ke ciki ba.

A ɗaki na uku na sami dawarmu, cikin akwati mai murfin madubi, an jera zangarniyoyin kamar kayan amarya, an rubuta Bilbis da ajami da boko. Wani Bakano a gefena ya ce bai taɓa ganin ƙwaya mai cika haka ba. Wallahi hawaye ya zo mini. Kakana bai taɓa wuce Funtuwa ba, ga dawarsa mutanen birni na tsayawa kallo. Na gode maka da wannan, har ga Allah.

Na uku, kukana. Da na sunkuya, sai na ga gari-gari a ƙasan akwatin. Duk manomi ya san ma'anarsa: ƙwari sun shiga. Dawar iri ba ta zama sai da hayaƙi ko toka, a akwatinka kuwa babu ko ɗaya. Na kai hannu in ɗaga murfin, mai gadi ya riƙe ni, cikin ladabi dai, ya ce doka ce. Na ce masa tawa ce. Ya ce ya yarda, amma doka ba ta san tawa ba. Magatakarda ya shaida mini cewa manya sun yaba nunin har an yanke a bar kayan su zauna din-din-din, kai kuma ka fita rangadi. Na jira kwana uku a zauren wani mahauci ɗan garinmu, guzuri ya ƙare, na juyo.

Ban ce an zalunce ni da gangan ba. Manzonka ya ɗauka samfuri ya karɓa, yana zaton rumbu cike yake a baya. Ni kuma kunya ta hana in ce masa iyakarta ke nan. Rabin laifin nawa ne, na ɗauka. To amma shamuwa ta iso garinmu tun makon jiya, hadari ya fara haɗuwa gabas. Gida tara ke karɓar tafi-tafi na wannan iri daga hannuna kowace shekara, huɗu cikinsu na mata ne da ba su da mai noma musu babbar gona. Sun daina tambayata, sai dai su gaishe ni su ɗan tsaya.

Na huɗu, roƙona. A buɗe akwatin yau, a shanya dawar a rana, a kakkaɓe ta. A ba masu kawo wannan takarda zangarniya arba'in su taho mini da su kafin ruwan shuka. Ashirin su zauna wurinka jama'a su ci gaba da kallo, amma a riƙa gwada musu hayaƙi. In Allah ya kai mu kaka, ni da kaina zan kawo maka sabon dami, kowace shekara, muddin ɗakin nan na tsaye.

In kuwa doka ta hana a maido mini, to ina da roƙo na ƙarshe. Kada a bar wa ƙwari. Duk manomin da ya shigo kallo, ko daga ina yake, a ba shi zangarniya ɗaya ya kai garinsu ya shuka. Zan iya jure ta bar gidanmu, zan san abin da zan gaya wa Hure da gidajen nan tara. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne a ce a hannuna ta ƙare.

Allah ya ƙara maka girma da basira, ya raya wannan ɗaki naka, ya ba mu damina mai albarka baki ɗaya.

Wassalam.

Ibrahim na gidan Barmo, Bilbis.