Ina Jiran Sanyin Aktobe

Litinin, 14 ga Yuli

Dokar ta fara aiki. Ba a rufe fuska a bainar jama'a. Bekjan, mijina, ya karanto mini waɗanda aka ɗauke wa: mara lafiya, mai aikin da ke buƙatar haka, 'yan wasa, sai kuma in yanayi ya tsananta. Na ce ya maimaita na ƙarshen. Ashe in sanyi ya sauko kowa na iya naɗe fuskarsa. To, zan jira sanyin garinmu Aktobe. Shekara shida da niƙabina, ba zan cire shi don an rubuta takarda a babban birni Astana ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Kwana tara ban taka ƙasa ba. Daga hawa na huɗu nake kallon mai kankana. Ina kewar kasuwa, har da warin layin masu kifi.

Juma'a, 1 ga Agusta

Bekjan ya ce in sa takunkumin asibiti, in an tambaya in ce asma. Na ce in rufe fuska don Allah, in kuma yi ƙarya a kai? Ya ci gaba da shan shayinsa. Bawan Allah, shi ke cefane yanzu, kullum sai ya kwaso ruɓaɓɓen tumatir.

Talata, 19 ga Agusta

Bekjan ya haɗu da Yaya Karligash a kasuwa, a rumfarta ta cuku. Wai ta ce a gaya wa fatalwar nan gwamnati ta ce ta fito. Bakinta bai canza ba. Ranar da na fara sa niƙabi ta ce kakanninmu a kan doki suka tsufa, ba wadda ta ɓoye fuska. Na mayar mata da abin da ba zan rubuta a nan ba. Tun daga nan ko gaisuwar Sallah babu.

Na tambaye shi yaya ya gan ta. Ya ce ta rame. Na ce rama kamar yaya? Ya ce rama dai.

Ita ta yi mini kitso har na shekara goma sha huɗu. Hannunta zafi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Sankarar jini. Mijin Yaya ya kira Bekjan, ba ni ba. Tana asibiti tun Litinin.

Asabar, 6 ga Satumba

Rana tarwai. Sau nawa na duba hasashen yanayi yau, ban sani ba. Sanyin da nake jira sai Nuwamba, in an yi sa'a. Na dafa mata romon naman doki, na ba Bekjan ya kai. Ya dawo da kwanon ba a taɓa ba. Wai ta ce ita ba ta cin abincin saƙo.

Litinin, 8 ga Satumba

Na je.

Na ɗaura hijabi, na tsaya bayan ƙofa kamar minti ashirin. Niƙabin yana cikin jaka, ban san me zai yi mini a can ba. A matakala na ji kamar ban sa tufa ba. Iska har cikin hancina. A bas na tafi can kujerar baya, kaina ƙasa, ina ta istigfari. Ba wanda ya dube ni. Ban san ko daɗi na ji ko haushi ba.

A ƙofar ɗakin ma'aikaciyar jinya ta tare ni, ta ce ba a shiga sai da takunkumi, ta miƙo mini ɗaya. Na ratso gari guda fuska a buɗe, ga shi an ce in rufe. Saura kaɗan in yi dariya.

Yaya na kwance, ita ma nata takunkumin a fuska, gashin girarta duk ya zube. Ta daɗe tana kallona.

"Ulbosin, koma bakin ƙofa," in ji ta. Na ɗauka kora ce, na juya.

"Tsaya nan. Sauke abin nan in gani."

Na sauke. Ta duba, ta duba.

"Kin zama Mama sak," ta ce. "Har haɓar."

Sai ta juya ga bango, ta ce in mayar kafin a yi mana faɗa, in kuma zo in zauna, in daina tsayuwa kamar baƙuwa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Zuwa na biyar. Ta sha cokali bakwai na romo, tana cewa gishiri ya yi yawa. Har yanzu in na fito ina jin fuskata tsirara, kuma in sanyi ya zo zan naɗe, wannan ba tantama.

Yau gaba na zauna a bas, jikin taga. Baya ta cika ne kawai. Wata tsohuwa ta tambaye ni wa nake kai wa abinci, na ce yayata. Har muka sauka ina ba ta labarinta.