Sun ƙwace kalangun Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Da korona ta sa aka hana biki, hukuma ta kira mu makaɗa muka yi mata waƙar wanke hannu, aka ce za a tallafa mana. Da na je karɓar tallafin, wai ba ni da katin mawaƙa! Jiya ina kiɗan suna a unguwar Treichville, ko tsakar gida ba mu cika ba, ma'aikatan hukuma suka ƙwace kalangun marigayi Baba, wai an hana taro. Ga muryata can a lasifikar tashar motar Adjamé, har yanzu tana yi musu aiki.

A sa ni a addu'a. Ka gaida kowa, amma don Allah kada Inna ta ji zancen kalangun.

Ƙaninka,
Habu