Ƙarfen Wuyan Baba

Litinin, 3 ga Maris

A rediyon shago na ji. Wai an kafa kwamitin gyara takardun tsofaffin sojoji, duk wanda aka zalunta ya kai kukansa kafin ƙarshen Afrilu. Ina kan keke ina ɗinki, saura kaɗan allura ta huda mini yatsa. Na rufe shagon na nufi gida.

Na tarar da Baba a ƙofar ɗaki yana goge takalmin nan nasa da ya daina sawa tun ina yarinya. Na gaya masa. Ko ɗagowa bai yi ba. Na ce wannan karon sai an kankare abin da aka rubuta a fayil ɗinsa, wai ya gudu daga bakin daga, kuma sai an ba shi lambar yabon da ake ba waɗanda suka tsaya suka kare wata gada lokacin yaƙi. Ban rufe baki ba takalmin ya same ni a kafaɗa. Mutum ya haura saba'in amma hannun bai manta saiti ba.

"Kika sake tayar da maganar nan sai na karya ki."

To ya karya ɗin. Ai ba yau ya fara ba. 'Yar Gudau ake ce mini tun ina aji biyu. A kan sunan na cire wa wata yarinya haƙori. Ranar da mijina ya sake ni ma da shi ya raka ni har bakin ƙofa. Na gaji.

Laraba, 5 ga Maris

Kafaɗa ta kumbura. Da hannu ɗaya na yanka yadi yau, duk ya karkace.

Asabar, 8 ga Maris

Ofishin kwamitin can ƙarshen bariki yake, ɗaki mai warin tsohuwar takarda da fanka mai kuka. Layi har waje. Masu sanda, masu ido ɗaya, matan da mazansu suka mutu. Da aka zo kaina akawun ya ɗauko fayil ɗin Baba, ya buɗe, sai ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya juya wajen abokin aikinsa, wai zo ka gani, yanzu har masu gudu ma lamba suke nema.

Ban san lokacin da na tsallake teburin ba. Na dai ga wuyan rigarsa a hannuna, maɓallai suna tsalle a ƙasa, kansa ya bugi durowar ƙarfe. Sojoji biyu suka ciccibe ni suka watsar a tsakuwa. Leɓena ya fashe. Wallahi ban yi nadama ba, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban samu hancinsa ba.

Ina tofar da jini wani tsoho mai ƙafar katako ya matso. Ya ce, "Ke 'yar Saje ce. Dukan ma irin nasa." Ban taɓa jin wani ya kira Baba da muƙaminsa ba. Tsohon shi ne mai busa begila, ƙahon soja, a rundunarsu. Ya kwatanta mini gidansa.

Talata, 11 ga Maris

Na je wajen Mai Begila. Bari in rubuta tun ban manta ba, kaina har yanzu juyawa yake.

Kowane soja yana da ɗan ƙarfe a wuya mai ɗauke da lambarsa. A rundunarsu akwai wani abu da suke yi a ɓoye, manya ba su sani ba, in ma sun sani laifi ne babba. Kafin a shiga faɗa, abokan rami biyu sai su yi musayar ƙarfen. Wai in mutuwa ta zo neman mai lambar sai ta tarar da wata fuska, ta rikice ta wuce. Shirme, amma ya ce duk wanda ya kwana a rami ba zai kira shi shirme ba. Kuma rantsuwa ake yi, ba ka tona abokinka har kabari.

Abokin ramin Baba wani ne da suke kira Tsito, ɗan siriri, mai ba su dariya. Ranar gadar da wuta ta yi wuta, kan sojan da ke gefen Tsito ya tarwatse a jikinsa, sai Tsito ya jefar da bindiga ya ruga. Baba ya tsaya a kan babbar bindiga shi kaɗai. Mai Begila ya ce ƙarfen bindigar ya yi zafi har fatar tafinsa ta manne, bai saki ba. Harsashi biyu a ƙirji, ɓarɓashin bam a kafaɗa. Shi ya jawo Mai Begila daga kan gadar, ƙafar tana reto da 'yar tsoka.

An kai Baba asibiti a sume, aka duba wuyansa, aka rubuta lambar Tsito. Shi kuwa Tsito 'yan sandan soja suka kama shi a hanya, suka duba wuyansa, suka rubuta lambar Baba. Suka jefa shi a mota za su mayar da shi daga, motar ta taka nakiya. Waɗanda suka san fuskarsa suka ce Tsito ne. A ofis aka haɗa takardu biyu: Tsito ya yi jarumta a gada ya mutu, a ba matarsa lambar yabo. Saje ya gudu.

Da Baba ya fito asibiti gadirum, kurkukun bariki, aka wuce da shi. Bulala, wata shida a kulle, aka yage igiyoyinsa a gaban kowa, aka kore shi.

Na ce me ya hana shi magana? Mai Begila ya ce matar Tsito tana da ciki a lokacin. Na ce kai fa? Ya ce ya taɓa gwadawa, Baba ya zo har gida ya karya masa kujera a baya.

To ita matar Tsito ciki gare ta, mu kuma duwatsu ne ke nan.

Alhamis, 13 ga Maris

Har yanzu ƙarfen yana wuyansa, ban taɓa ganin ya cire ba, ban kuma taɓa karanta shi ba. Da rana yana barci a kujera na lallaɓa na ɗaga. Lambar ba tasa ba ce, na san tasa daga fayil.

Idonsa a rufe ya shaƙe ni. Ya danna ni jikin bango, babban yatsansa a maƙogwarona, yana faɗin wasu abubuwa da ba da ni yake ba. Na ga duhu-duhu. Sai da na kai masa gwiwa a ciki sannan ya saki. Ya tsaya yana kallon hannayensa. 

Haka Mama ta sha har ta mutu. Ban yafe wannan ba, kada wani ya ɗauka don ina sonsa nake wannan wahalar. Sunana nake wankewa.

Lahadi, 16 ga Maris

Ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Na ɗaura gyale a wuya, na ce wa masu kawo ɗinki mura ce.

Juma'a, 21 ga Maris

Na yaudare shi zuwa asibiti da sunan gwajin hawan jini, na sa aka ɗauki hoton ƙashin kafaɗar. Ga ƙarfen nan ɓaro-ɓaro, kamar tsinken almakashi. Wata soja a ofishin kwamitin, wadda ta ce akawun nan ya daɗe yana neman mai dukansa, ta nuna mini takardar asibitin yaƙi. A ƙarƙashin lambar Tsito an rubuta harsashi biyu a ƙirji ta hagu, ƙarfe a kafaɗar dama ba a cire ba. Ta karɓi kokena. Amma ta ce in sani, layin nan na gudu ba ya goguwa, an kama mutum ranar, akwai sa hannu. Sai dai a ɗauke shi daga kan wani a ɗora wa wani. Lambar yabon ma karɓowa za a yi daga inda take.

Na ce a karɓo mana. Ina ruwana.

Litinin, 24 ga Maris

Ban san me ya kai ni gidan matar Tsito ba. So nake in ga abin da idona.

Tsohuwa ce ƙarama, ido ya kusa tafiya. Lambar tana bango cikin gilashi, ƙyallen ya koɗe, gilashin kuwa tas, an ga hannun da ke goge shi kullum. Da na faɗi ko ni 'yar wace ce sai ta kama hannuna biyu. Wai Babana ne ya kawo mata kayan mijinta, shi ya zauna ya ba ta labarin yadda ya tsaya a gada shi kaɗai, har fatar hannunsa ta manne a bindiga. "Duk abin da mutane ke faɗa a kan babanki, ni ban taɓa saka baki ba, 'yata. Ba kowa Allah ya ba zuciya ba."

Labarinsa ya ɗauka sukutum ya ba ta. Har tausayinsa take ji.

Na faɗa mata gaskiya? Na fara. Ɗanta ya shigo, direban babbar mota ne, ƙato, ashe takardar kwamiti ta riga ta iso masa. Ya ja ni da gyale har tsakar gida. Ya mare ni, kunnena ya yi ɗif. Na ɗauki bokitin ƙarfe na kwaɗa masa a goshi, jini ya wanke masa fuska. Ya murɗe mini hannu, na kafa masa haƙori. Maƙwabta suka raba mu. Tsohuwar tana tsaye a ƙofa tana laluben iska, tana tambaya me ya faru, wa ya faɗi.

Yana goge jini yana cewa in uwarsa ta ji wannan magana ta mutu, sai ya bi ta kaina da mota. Kuka yake yi fa, ƙaton banza.

Litinin, 31 ga Maris

Sammaci ya zo, jibi za a zauna, dole mai fayil ya bayyana da kansa. Na ajiye wa Baba a kan tabarma na koma bakin ƙofa inda zan iya gudu. Ya karanta. Ya fasa kofin shayi a bango, ya fasa rediyo. Can kuma na ji yana neman dutsen guga.

Laraba, 2 ga Afrilu



Mutum uku a bayan dogon tebur, na tsakiya Kanar ne mai furfura. Mai Begila ya ba da shaida, ya faɗi komai har musayar ƙarfen. Ɗan Tsito yana baya da filasta a goshi. Likitan soja ya ce Baba ya cire riga. Ya cire. Ramuka biyu a ƙirji, tabon bulala a baya layi-layi. Likita ya gwada da takarda da hoton, ya gyaɗa kai. Aka karanta lambar wuyansa. Komai ya hau. 

Kanar ya ce saura tambaya ɗaya, kuma daga bakinsa ake so. Wa aka kama a hanya ranar?

Baba ya ƙame kamar a fareti. Ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Kanar ya ce ya sake tunani, raunukan nan fa? Ya ce a wani wurin ya same su. Ƙarfen wuyan fa? Ya ce tsinta ya yi. Mai Begila ya fara magana, Baba ya juya ya daka masa tsawa irin ta bariki, tsohon ya haɗiye sauran. Na miƙe ina ihu ƙarya yake, ƙarya yake, aka riƙe ni.

Kanar ya daɗe yana kallonsa. Ya rufe fayil ɗin a hankali. Ya ce, "Saje, sa rigarka." Ya ce da ni ina da damar ɗaukaka ƙara zuwa ƙarshen wata, da hujjojin da ke hannu ana iya yanke hukunci ko ba da bakinsa ba.

A matakalar waje na tare shi. Na ce ka cuce mu, ka cuci Mama, ka daki kowa a gidan nan saboda abin da kai ka zaɓa wa kanka. Ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Na riga shi. Na hankaɗe shi da hannu biyu, ya tafi da baya, ya gangara matakala uku, kansa ya daki siminti. Ban san ya zama mara nauyi haka ba.

Ɗan Tsito ne ya ɗauke shi ya sa a mota.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ɗinki shida a ƙeya, ƙugu ya tsage. Ya ce wa likita santsi ne ya kwashe shi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na cike takardar ɗaukaka ƙarar. Tana cikin jaka. Kai ta kawai ya rage.

Ba ya iya tashi, ni ke juya shi, ni ke wanke ciwon. Yau ina goge masa baya ya ce, fuskarsa a bango, Tsito shekararsa goma sha tara. Ya ce da Tsito ya ruga ya waiwayo sau ɗaya, kuma shi Baba ne ya ɗaga masa hannu ya ce tafi. Shi ke nan abin da ya faɗa. Na ce ban tambaye ka ba. Na matse tsumman da ƙarfi har ya yi ƙara.

Laraba, 30 ga Afrilu

Yau aka rufe karɓa. Ban je ba. Aiki ne ya yi mini yawa, akwai rigunan makaranta da na yi alkawari, ga shi an yi ruwa da safe, hanyar barikin nan kuwa in ta jiƙe ba ta biyuwa. Ba wai na haƙura ba ne. Ban kuma yafe ba.

Ɗan Tsito ya zo da keken guragu, wai na wani abokinsa ne ba ya amfani da shi. Sabo ne fil, da ledarsa. Mun tsaya a ƙofa kowa da tabonsa, ba wanda ya kalli wani. Ya ce tsohuwar tana gaishe da Baba, tana tambaya ko zai iya zuwa ya sake ba ta labarin gadar, ta fara mantawa.

Na ce sai dai ranar Asabar, kuma ya zo da mota, ni ba zan iya tura shi har can ba.